Inna Ungozoma a Gaban Katafila

Bakwaini ya riga ya ɗaga bakin katafila zai sauke shi a kan kusurwar ginin, sai ya ga leburorin da ke ƙasa suna ɗaga masa hannu suna nuna gabansa. Ya leƙo ta gefe. Maƙwabciyarsa ce, Inna Ungozoma. Ta ajiye kujerar roba a bakin ƙofar ginin ta zauna, ta ɗora sandarta a cinya, tana gyara ɗaurin ɗankwali kamar mai jiran mota.

Ya kashe injin ya sauko, ya je ya durƙusa a gabanta.

"Inna, me ya fito da ke? Ƙura za ta tashi, ga ki da tari."

"Koma ka hau abinka," in ji ta. "Rusau ka zo, yi rusau. Ka fara da ni, ba ni da nauyi."

Bakwaini ƙato ne, in zai shiga ɗaki sai ya sunkuya, amma duk layin ba mai kiransa da wani suna sai wannan. Kafin lokacinsa aka haife shi, bai fi tafin hannu ba, uwarsa kuma tana kwance ba ta san inda take ba. Inna ce ta naɗe shi cikin auduga, ta ɗaure shi a ƙirjinta har ya yi ƙwari. Rabin mutanen layin a hannunta suka faɗo duniya, kuma ba ta bari kowa ya manta ba. In gardama ta haɗa ta da magidanci mai furfura, sai ta tuna masa ita ta fara ganinsa tsirara kafin uwarsa, shi ke nan bakinsa ya mutu.

Injiniyan da ke kula da aikin ya taho da hular kwanonsa, ya tsaya a kanta, ya shiga bayani. Ya ce aikin hukuma ne, tashar mota za a yi a wurin, an daɗe da sanarwa, kuma zamanta a nan karya doka ne. Inna ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tambaye shi ɗan wane gida ne. Ya ce shi ba ɗan garin ba ne.

"Na ga alama," ta ce. "Da ni na karɓi haihuwarka, da ba ka tsaya kana yi wa tsohuwa magana hannu a aljihu ba."

Kafin ya ankara ya zare hannuwansa. Leburori suka juya baya suna dariya ƙasa-ƙasa.

Ginin da ake magana a kai gajere ne, na baƙin dutse, a bayan kasuwa. Bangonsa ya yi kaurin da in mutum ya miƙa hannu ba zai kai ƙarshensa ba. Ba shi da taga sai wata 'yar tsaga can kusa da rufi, ƙofarsa ta ƙarfe ta yi tsatsa. Tsohon sito ake ce masa, amma ko yaran makaranta sun san abin da aka ajiye a ciki a zamanin da: mutane ne, waɗanda aka kamo daga nesa, ake tara su a nan kafin a fitar da su a sayar. Yanzu shara ce jibge a bayansa, masu wucewa kuma suna tsayawa su yi fitsari a jikinsa.

Tun da aka ce za a rushe shi layin ya rabu. A shagon mai aski aka fi tafka gardamar. Mai aski yana cewa a kawar da shi, wurin baƙin ciki ne, ya tokare musu arziki, tasha kuwa za ta kawo jama'a. Telan da ke kusa da shi yana cewa a bar shi yara su gani da idonsu. Wasu suka ce abin da ya wuce ya wuce, tonon me ake yi. Akwai gidajen da aka san kakanninsu ne suka gina shi suka ci kasuwarsa, akwai waɗanda aka san kakanninsu sun kwana a ciki, kuma a wannan karon yawancinsu bakinsu ya zo ɗaya: a rushe, a huta. Shi Bakwaini ba shi da ra'ayi. Ya rushe gidaje, ya rushe shaguna, a wurinsa bango bango ne.

Ba a daɗe ba labari ya kai wa ɗan Inna, wanda ake kira Akawu saboda aikinsa na ofis. Ya iso yana haki, biro a aljihun gaba, ya tsugunna daf da kunnenta yana magana a hankali don kada taron da ya fara haɗuwa ya ji. Bakwaini yana kusa, ya ji yana roƙonta ta rufa musu asiri, ta tuna yana da 'ya'ya mata, mutane sun fara mantawa, kada ta tashe su.

"Ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi," in ji Inna, ita kuma ta ɗaga tata. "Wane asiri zan rufa? Kakata ta kwana a ɗakin nan tana yarinya. Daga nan aka fitar da ita aka sayar. Har ta mutu ba ta tuna sunan garinsu ba. Ku duk in an tambaye ku daga ina kuka fito, kuna da garin da za ku nuna. Ni ɗakin nan ne iyakar abin da zan nuna. Shi za ku share ku jera motoci?"

Akawu ya miƙe, fuskarsa kamar an watsa masa ruwan zafi, ya ratsa mutane ya tafi bai waiwaya ba.

Injiniya ya kira 'yan sanda. Sajan ɗin da ya zo yana ganin wadda ke zaune sai ya cire hula ya rusuna ya gaishe ta, ta tambaye shi ƙafar uwarsa da ke ciwo, ya ce da sauƙi. Ya ja Injiniya gefe ya ce wannan magana ta fi ƙarfinsa, zai kai ta gaba. Ranar ba a yi aiki ba.

Washegari ma haka, da ranakun da suka biyo baya. Injiniya ya ce da Bakwaini ya riƙa sammako ya riga ta zuwa. Amma bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da tsakar gidansa, yana tayar da babur take ji. Wata safiya ya tura babur ɗin da hannu har kwanar layi kafin ya tayar. Da ya isa ya tarar da ita zaune tana shan shayi a murfin filas.

"Na ji ka kana tura shi kamar ɓarawo," ta ce. "Sha shayi."

Ya karɓa ya sha, don bai san abin da zai yi ba.

A gida matarsa ta fara damuwa. Ta ce ita ma Inna ce ta karɓi haihuwar yaranta duka, ba ta ƙi ta ba, amma tukunya ba ta san wannan ba. In aka kore shi, duwatsun sito za su dafa? Ya ce to ta faɗa masa, ya bi ta kan tsohuwa ke nan? Ta ce ita ba ta ce ba. Ta bayan bango suna jin tarin Inna.

A bakin ginin kuwa zama ya fara yawa. Wasu mata sukan zo su zauna da ita in sun dawo daga cefane, wasu su wuce suna tsaki. Wata tsohuwa sa'arta, mai wanki, ta zo ta tsaya a kanta ta ce ita ma kakarta ta kwana a ciki, kuma ita so take a rushe, ta gaji da sauya hanya duk lokacin da za ta kasuwa. Inna ba ta musa mata ba. Ta sa aka matso mata da benci, ta ce ta zauna su yi faɗan a zaune, ƙafafunsu ba na tsayuwa ba ne. Mai wanki ta zauna. Kullum sai ta zo, kullum sai ta ce a rushe, kuma ba ta tashi sai Inna ta tashi.

Ruwan sama ne ya kayar da ita. Wata la'asar hadari ya haɗo, kowa ya watse. Bakwaini ya roƙe ta ta shiga shagon tela, ya rantse mata ba zai taɓa ginin ba. Ta ce ta yarda da shi, Injiniya ne ba ta yarda da shi ba, ta ga ya iya tuƙi. Ta ja leda ta rufe kanta ta zauna har ruwan ya ɗauke. Daga nan tarin ya sauka mata a ƙirji. Akawu ya kai ta asibiti, ta kwana biyu a can tana faɗa da ma'aikatan jinya kan yadda suke riƙe jarirai, sannan likita ya kira shi gefe ya ce gara ya mayar da ita gida ta huta cikin nata.

Duk kwanakin nan katafilar tana tsaye. Bakwaini ya ce wa Injiniya injin yana zubar da mai, sai an kawo makaniki. Makaniki ya zo ya duba, ya kalli Bakwaini, ya ce lallai akwai gyara, sai an nemo kaya.

Ranar da aka dawo da ita, Bakwaini ya shiga gaisuwa ya tarar da Akawu a soro ya haɗa kai da gwiwa. Tare suka tashi, amma sun daɗe ba su zauna sun yi hira ba. Akawu ya ce mutane suna ganin kamar shi mara zuciya ne. Ya tuna masa lokacin da suke makaranta, yadda yara ke kama shi in an tashi, su ja shi zuwa ƙofar sito suna cewa a mayar da kaya ma'ajiyarsa. Bakwaini ya tuna. Shi bai taɓa ja ba, amma bai taɓa hanawa ba. Akawu ya ce duk abin da yake so shi ne 'ya'yansa su tashi a layin da babu wannan ƙofar.

Suna cikin haka matar Akawu ta leƙo ta ce Inna tana kiransu su biyun.

Ta rame ƙwarai, idanun ne kawai ba su sauya ba. Ta ce a kai ta sito. Akawu ya fara cewa likita ya hana, ta ce likita ba shi ya haife ta ba. Ta dubi Bakwaini ta ce ya ɗauke ta, ai ya ci bashin ɗauka. Ya sa hannu ya ɗaga ta da bargonta. Gaskiya ta faɗa tun farko, ba ta da nauyi.

Da rana tsaka suka ratsa layin, shi yana gaba da ita a hannu, Akawu yana biye, mutane suna leƙowa daga shaguna. Akawu ya sa kafaɗa ya ture ƙofar ƙarfen. Bakwaini a layin aka haife shi, amma bai taɓa sa ƙafarsa ciki ba. Sanyi ne ya fara dukansa, sai warin jemage. Rufin ya yi ƙasa har sai da ya duƙa. Akawu ya kunna fitilar wayarsa, Inna ta ce ya haska ƙasa-ƙasa, jikin bango.

Zobban ƙarfe ne a kafe cikin dutse, a jere, sun zagaye ɗakin. A bangon ƙurya akwai wasu da suka fi ƙanƙanta, kuma sun fi kusa da ƙasa. Ta sa Bakwaini ya sauke ta a nan, ta jingina da ƙirjinsa, ta miƙa hannu ta kama ɗaya. Ta ce tana ƙarama kakarta ta kawo ta ta ɗora mata hannu a kan wannan. A nan aka ɗaure kakar, ƙanenta a na kusa da ita. Da safe aka kwance shi aka fita da shi yana kiran sunanta, ba ta sake ganinsa ba. Kakar ta ce da ita ta riƙe wurin, don ba ta da wani abin da za ta bar mata.

Akawu ya durƙusa. Ya sa yatsunsa cikin zoben da ke kusa, uku ne kawai suka shiga.

"Kunyar da kake ɗauke da ita ba taka ba ce," in ji Inna, tana numfashi da ƙyar. "Yarinya aka ɗaure. Me ta yi? Waɗanda suka ɗaure ta su ji kunya. Ni ban gaji kunyar kowa ba, kai ma ban ba ka ba."

Sannan ta ɗaga kai ta dubi Bakwaini.

"Kai kuma ba zan ce kada ka rushe ba. Kana da yara, aikinka ne. So nake dai in ka sa masa ƙarfe, ka san abin da kake rushewa."

A hanyar komawa barci ya ɗauke ta a hannunsa.

Ba ta daɗe ba bayan wannan. Da hantsi ne, matar Bakwaini tana matsa mata ƙafa, matar Akawu ta kawo shayi. Inna ta kurɓa ta ce wa aka yi wa rowar sukari, mai mutuwa? Suka yi dariya suna share hawaye. Ta tambaya ko an ji ƙarar inji, suka ce ba a ji ba. Ta ce to madalla, ta yi salati, ta juya fuskarta bango kamar za ta ɗan runtsa. Da matar Bakwaini ta ji ƙafar ta saki a hannunta, sai ta daina matsawa.

Layin ya cika maƙil. Mutanen da Bakwaini bai taɓa gani ba suka yi ta zuwa daga wasu unguwanni, kowa yana cewa ita ta karɓe shi. Ana shirin fita da ita wayarsa ta yi ƙara. Injiniya ne. Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya ce an matsa masa daga sama, kuma yau bayan kasuwa ba kowa, kowa yana wajen jana'iza. Ya ce ya san injin lafiyarsa ƙalau. Yana so ya zo yanzu a gama cikin ruwan sanyi, ba tashin hankali.

"Makullin yana ƙarƙashin kujera," in ji Bakwaini. "Ni gawa zan ɗauka."

Injiniya ya ce in bai zo yau ba, kada ya zo gobe. Bakwaini ya ce to, ya kashe wayar, ya je ya sa kafaɗarsa.

Suna dawowa daga maƙabarta suka hango ƙura ta tashi ta bayan kasuwa. Ba wanda ya ce a tafi, ƙafafu ne kawai suka juya. Kafin su isa an gama. Wani direba da aka ɗauko daga wani wuri yana ja da baya da katafilar, inda ginin yake kuma sai tulin baƙaƙen duwatsu. An zagaye wurin da igiya, Injiniya yana tsaye da masu gadi. Da ya ga yawan jama'ar da ke tahowa ya ja baya kaɗan, ya ce a yi haƙuri, umarni ne, gobe tifa za ta zo ta kwashe, kada kowa ya tsallaka igiya.

Akawu ne ya tsallaka. Da ƙasar kabari a gwiwar wandonsa ya hau tulin, ya shiga ture duwatsu da hannu har ya samo wanda yake nema, mai ɗan ƙaramin zobe a jiki. Ya juyo ya fuskanci mutane, mutumin da ba a taɓa jin muryarsa daga nesa ba.

"Kakar uwata aka ɗaure a jikin wannan," ya ce. "Daga nan aka fitar da ita aka sayar. Wanda bai sani ba ya sani yau. Gida zan kai shi, mai hana ni ya zo."

Ya yi ƙoƙarin ɗagawa, dutsen ya fi ƙarfinsa. Bakwaini ya ɗaga igiyar ya shiga, ya ɗora shi a kafaɗa. Wani mai gadi ya yunƙuro, ɗan uwansa ya riƙe masa riga.

Mai wanki ce ta biyo bayansu. Ta ce ita har yanzu tana nan a kan bakanta, gara da aka rushe, amma ba za a zubar da kakarta a bola ba. Ta zaɓi ɗan madaidaici ta naɗe a gefen zane. Daga nan wurin ya ɓalle. Mata suka koma gida suka fito da bahon wanki da bokitai. Tela ya kawo buhu. Mai aski, wanda ya fi kowa cewa a rushe, ya turo baro yana gunaguni cewa shi dutsen dakali kawai yake nema, kada a fassara shi. Har daga gidajen da kakanninsu suka gina wurin aka fito, wani dattijo a cikinsu ya ɗauki nasa bai dubi kowa ba. Injiniya ya yi ta danna waya, daga baya ya sa ta a aljihu ya koma mota ya zauna. Da tifa ta zo washegari, direban ya sauko ya zagaya filin, ya tambayi masu gadi ina kayan da aka ce ya kwasa.

An yi tashar. Bakwaini ya yi zaman gida na wani lokaci, matarsa ta ƙara yawan ɗinkin da take karɓa. Daga baya ya samu tuƙi a wani kamfanin haƙar yashi a bayan gari, yana fita da safe ya dawo da yamma.

Wata yamma ya shigo layin a gajiye, yana tafe da babur a hankali saboda yara. Kusan kowace ƙofa da baƙin dutsenta a gefe, wani an jingina masa tsintsiya, wani an shanya masa takalmin makaranta. A ƙofar gidan Akawu wata mata mai tsohon ciki, wadda bai sani ba, ta sauke kayan cefanenta ta zauna a kan babban dutsen tana mayar da numfashi. Ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafarta. Ya kashe babur ɗin daga nesa, ya tura shi ya wuce ta gabanta.